Darasi na Goma Sha Huɗu: Tumuku da Rizga, 'Yan Dangin Na'a-na'a

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibai za su iya:

1. bayyana yadda masana suke kasa tsirrai zuwa dangi da gida da nau'i;
2. kawo alamomin da ake gane 'yan dangin na'a-na'a da su;
3. bambance tumuku da rizga;
4. faɗin dalilan da suka sa noman waɗannan amfanin gona biyu yake ja da baya;
5. amfani da sababbin kalmomin darasin a cikin jimloli.

Gabatarwa

Idan kaka ta yi, a kasuwannin Jos da na ƙauyukan da ke kewaye da ita akan ga mata sun kasa wasu 'yan abubuwa masu kama da ƙananan dankali. Wasu dogaye ne kamar yatsun hannu, wasu kuma kewayayyu, ba su fi ƙwan tantabara girma ba. Masu tsawon su ne Hausawa suke kira rizga, kewayayyun kuwa tumuku. Baƙon da bai san su ba yakan ɗauka dankali ne da bai samu taki ba. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A wajen masana ilmin tsirrai, tumuku da rizga ba su haɗa dangi da dankali ba, haka ma doya da rogo da gwaza. 'Yan'uwansu na kusa su ne na'a-na'a, wadda ake sawa a shayi, da ɗoɗɗoya, wadda Yarabawa suke kira efinrin, Ibo kuma nchanwu.

A wannan darasi za mu ga yadda aka gano wannan zumunta, mu san gidan da tsirran biyu suka fito, sa'an nan mu duba abin da ya sa suke neman ɓacewa daga gonakinmu.

Dangi, gida da nau'i

Masana tsirrai suna kasa tsirrai kamar yadda mutane suke lissafa zumunta. Rukuni mafi ƙanƙanta da za mu yi magana a kansa shi ne nau'i, wato tsirran da suke da siffa ɗaya, kuma suke haifar irinsu. Nau'o'in da suka yi kusa da juna ƙwarai akan tara su a rukuni ɗaya, wanda za mu kira gida a wannan darasi. Gidajen da suka haɗa asali kuma su ne suke zama dangi.

Kowane nau'i yana da suna na Latin mai kalma biyu, wanda masana a duk duniya suka yarda da shi. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuma sunan nau'in kansa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ne ya daidaita wannan tsari a shekarar 1753. Sunan tumuku a wannan tsari Coleus rotundifolius, na rizga kuwa Coleus esculentus. Ke nan gidansu ɗaya, wato Coleus. Kalmar rotundifolius tana nufin mai kewayayyen ganye, esculentus kuma tana nufin abin da ake ci.

Dangin da wannan gida yake ciki ana kiransa Lamiaceae, mu kuwa za mu ce dangin na'a-na'a. Babban dangi ne, yana da gidaje fiye da 230 da nau'o'i kimanin 7,000. Yawancinsu ƙananan tsirrai ne masu ƙamshi, amma akwai manyan itatuwa a cikinsu, kamar ɗinya da malaina.

Alamomin dangin na'a-na'a

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa yakan ruɗi mai kallo, domin tsirrai da yawa waɗanda ba su haɗa asali ba suna tara abinci a can. Saboda haka masani yakan fi dogara da kara da ganye da fure da 'ya'ya. Alamomi biyar ne za su taimaki ɗalibi.

Ta farko ita ce kara. Idan ka murza karan masara tsakanin yatsunka za ka ji shi a mulmule. Karan ɗoɗɗoya ko na tumuku kuwa yana da kusurwa huɗu, musamman ma yayin da yake ɗanye. A waɗannan kusurwoyi ne tsiron yake da nama mai ƙarfi wanda yake tallafe shi.

Ta biyu ita ce zaman ganye. Ganyayen suna fitowa bibbiyu a kowace gaɓa, ɗaya yana fuskantar ɗaya. Idan biyun farko sun dubi gabas da yamma, biyun da ke samansu sai su dubi kudu da arewa. Da wannan tsari na sama ba ya tare wa na ƙasa hasken rana gaba ɗaya.

Ta uku ita ce ƙamshi. A jikin ganyen akwai wasu 'yan gasu ƙanana ƙwarai, kowane da 'yar jaka mai mai a kansa. Da an murza ganyen sai jakunkunan su fashe, ƙamshi ya tashi. Mu muna neman wannan ƙamshi don miya da shayi, amma amfaninsa ga tsiron shi ne korar wasu ƙwari da dabbobi masu cin ganye.

Ta huɗu ita ce fure. Furen yana da siffar ɗan bututu wanda bakinsa ya rabu biyu, leɓen sama da leɓen ƙasa. Wannan ne ya sa tsohon sunan dangin ya kasance Labiatae, daga kalmar Latin mai nufin leɓe.

Ta biyar ita ce 'ya'ya. Bayan fure ya bushe ya faɗi, idan ka leƙa cikin ɗan ƙoƙon da ya bari za ka ga 'yan ƙwayoyi har huɗu a zaune a gindinsa.

Sai dai a yi hattara, alama ɗaya ba ta isa hujja ba. Riɗi ma yana da kara mai kusurwa huɗu da fure mai kama da bututu, amma 'ya'yansa suna cikin kwanso ne, ƙwayoyi masu yawa a jere, don haka danginsa dabam. Sai alamomin sun taru a tsiro ɗaya ake yanke hukunci.

Gidan Coleus da tarihin sunansa

Furen 'yan gidan Coleus yana da siffar da ta cancanci a tsaya a duba. Leɓen sama gajere ne, leɓen ƙasa kuwa dogo ne mai zurfi kamar kwalekwale. A cikin wannan kwalekwale ne zaruruwa huɗu masu ɗauke da ƙurar fure suke kwance. Idan ƙudan zuma ya sauka a kan leɓen ƙasa don neman ruwan zaƙin da ke cikin bututun, nauyinsa sai ya danne leɓen, zaruruwan su bayyana su shafa masa ƙura a ciki. Da ya tashi ya sauka a kan wani fure sai ya kai ƙurar can. Wannan shi ake kira barbara, kuma da shi ne tsiro yake samun ƙwayar iri.

Sunan gidan ma daga furen aka samo shi. A shekarar 1790 wani ɗan mishan na ƙasar Fotugal mai suna João de Loureiro, wanda ya daɗe a ƙasar da yanzu ake kira Biyetnam, ya lura cewa zaruruwan nan huɗu sun haɗe daga gindi sun zama kamar kube. Sai ya raɗa wa gidan suna Coleus, daga kalmar Girkanci mai nufin kube. Shekara biyu kafin haka, a 1788, wani Bafaranshe mai suna L'Héritier ya riga ya raɗa wa wani gida makamancinsa suna Plectranthus, wato fure mai kaimi, saboda wani ɗan tsini da ke gindin furen kamar kaimin zakara. A 1827 kuma aka ƙara gida na uku, Solenostemon, daga tsirran da Peter Thonning, ɗan ƙasar Denmak, ya tattara a gaɓar tekun ƙasar Gana ta yau.

Tun daga nan masana suka yi ta saɓani a kan iyakar da ke tsakanin gidajen uku. A 1962 wani masani mai suna J. K. Morton, wanda ya yi nazarin tsirran Afirka ta Yamma, ya nuna cewa haɗewar zaruruwan ba alama ce tabbatacciya ba, sai ya mayar da 'yan gidan Coleus cikin sauran gidajen biyu. Haka aka tafi fiye da shekara 50. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya ba masana damar ganin zumunta ta hanyar da ido ba ya iya gani. A 2019 Alan Paton na lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, tare da abokan aikinsa, suka sake tsarin. Suka dawo da gidan Coleus, suka zuba masa nau'o'i kusan 300, har da dukkan 'yan gidan Solenostemon. Gidan Plectranthus ya ragu zuwa nau'o'i kimanin 70, yawancinsu a kudancin Afirka da tsibirin Madagaska.

Wannan tarihi yana da amfani ga ɗalibi. Duk wanda ya buɗe littafin aikin gona da aka buga kafin 2019 zai iya tarar da tumuku da sunan Solenostemon rotundifolius, rizga kuma da sunan Plectranthus esculentus. Tsirran ba su canza ba, fahimtar masana ce ta ƙaru. Sunayen Hausa kuwa suna nan yadda suke tun lokacin da likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916.

'Yan gidan Coleus suna bazu a wurare masu zafi na Afirka da Asiya har zuwa Ostireliya. Akwai guda biyu da ɗalibai za su iya samu ba tare da wahala ba. Ɗaya shi ne Coleus scutellarioides, wanda ake dasawa a harabar makarantu da gidaje don ado, mai ganye ja da kore da rawaya a cakuɗe; asalinsa kudu maso gabashin Asiya. Ɗayan kuma Coleus monostachyus, ciyawa ce da take fitowa da kanta a gonaki da bakin hanya a wurare masu laima na Afirka ta Yamma, tana da ƙananan furanni masu launin shuɗi a jere a kan dogon tsinke.

Tumuku

Tumuku gajeren tsiro ne, tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba. Karansa mai taushi ne da ruwa-ruwa, yakan kwanta a ƙasa, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima tana iya yin saiwa. Ganyensa yana da kauri da ƙamshi, bakinsa kuma a tsattsage kamar haƙoran zarto. Furanninsa ƙanana ne, launinsu tsakanin shuɗi da shunayya. A gindinsa ne, ƙarƙashin ƙasa, yake tara 'ya'yan da ake ci, a cure wuri ɗaya. Yawancinsu tsawonsu santimita 2 zuwa 4 ne. Launin ɓawonsu ya danganta da iri: akwai baƙi, akwai ja, akwai mai ruwan ƙasa, akwai fari.

A nan akwai wani abu da yakan rikita mai koyon Hausa. Sunan da aka fi sanin tumuku da shi a Ingilishi yana nufin dankalin Hausawa. Amma idan Bahaushe ya ce dankalin Hausa, dankali mai zaƙi yake nufi, wanda yake yaɗo, don ya bambanta shi da dankalin Turawa. Saboda haka wanda yake son tumuku a kasuwa sai ya kira shi da sunansa.

Tumuku ɗan asalin Afirka ne. Ana noma shi a wasu sassan arewacin Nijeriya da tsakiyarta, da arewacin Gana, inda ake danganta shi da al'ummar Frafra, da Barkina Faso da Mali, inda ake ce masa fabirama. Ya kuma ƙetare teku tun da daɗewa. A jihar Kerala ta kudancin Indiya sunansa kurka, a Siri Lanka innala, kuma ana noma shi a Indunusiya da Malesiya. A waɗannan ƙasashe abinci ne da ake saye da sha'awa idan lokacinsa ya zo.

Rizga

Rizga ta fi tumuku tsayi, domin karanta yana miƙewa tsaye, yakan kai mita ɗaya ko kusa da haka. Ganyenta dogo ne mai gashi-gashi. Furenta rawaya ne, kuma yakan fito ne a ƙarshe, bayan ganyaye sun fara zuba. 'Ya'yanta sirara ne dogaye, suna fitowa daga gindi a tare kamar yatsun hannu, wasu har da rassa.

A Nijeriya an fi sanin rizga a tsaunukan Filato da yankunan da ke maƙwabtaka da su. Ana kuma noma ta a tsakiyar Afirka da kudancinta. A gabashin Zimbabuwe sunanta tsenza. Turawan Ingila sun laƙaba mata sunan David Livingstone, matafiyin nan da ya ratsa waɗannan ƙasashe a ƙarni na 19, ko da yake manoman Afirka sun daɗe suna noma ta kafin zuwansa. Wani masani na Kew mai suna N. E. Brown ne ya ba ta suna na Latin a 1894. A ƙasar Habasha ma akwai wata 'yar gidan Coleus da ake nomawa a kan tsaunuka don 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa.

Ana cin rizga ɗanya bayan an kankare ɓawon, ana kuma dafa ta ko a gasa. Tumuku an fi dafa shi ko a soya, ko a sa shi cikin fate. Abin da ya fi yawa a cikinsu sitaci ne, mai ba jiki ƙarfi, kuma sun fi rogo sinadarin gina jiki.

Noma da girbi

Ana shuka tumuku da rizga da farkon damina, a kan kunya ko tudun ƙasa, domin ba sa son ƙasar da ruwa yake kwanciya. Manomi yakan binne 'ya'yan da ya ajiye daga girbin bara, ko ya yanki kara ya dasa. Bayan shuka ta kama, akan yi noma a cire ciyawa, a kuma tara ƙasa a gindinta don ta samu wurin yin 'ya'ya. Tumuku yakan nuna cikin wata 5 zuwa 6, rizga kuwa takan ɗauki wata 6 zuwa 7. Alamar nuna ita ce ganye ya yi rawaya ya fara bushewa. A lokacin ne ake tonowa da fartanya a hankali, don ɓawonsu ba shi da kauri, kuma wanda ya ji rauni ba ya daɗewa yake ruɓewa. Babban abokin gabarsu a gona wasu tsutsotsi ne na cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Maganinsu shi ne kada a maimaita shuka a wuri ɗaya shekara da shekaru.

Dalilan ja da baya

Rogo da dankali mai zaƙi da dankalin Turawa duk baƙi ne a Afirka, daga nahiyar Amurka aka kawo su. Duk da haka su ne suka cika kasuwanninmu a yau, tumuku da rizga kuwa sai an nema. Dalili na farko shi ne yawan amfani: kadada ɗaya ta rogo ko ta dankali takan ba da abin da ya fi na tumuku nauyi. Na biyu shi ne wahalar gyara, domin feraye ƙananan 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya yana cin lokacin mai girki. A Kerala mata sukan zuba kurka a buhu su yi ta bugawa a ƙasa har ɓawon ya saɓule. Na uku shi ne ajiya. A lokacin zafi 'ya'yan sukan yi tsiro ko su yanƙwane cikin 'yan watanni. A Filato kuma, inda sanyin tsauni ya dace da dankalin Turawa, manoma da yawa sun koma gare shi saboda yana da kasuwa a manyan birane.

Akwai wani dalili da ya sa wannan ja da baya ya zama abin damuwa, kuma daga halittar tsirran ya taso. Tumuku da rizgar da ake nomawa suna yin fure, amma ba kasafai suke yin ƙwayar iri mai tsirowa ba. Manomin gero zai iya ajiye damin iri a rumbu, ko bai shuka bana ba ya shuka baɗi. Manomin rizga ba shi da wannan dama. Irinsa ɗanye ne mai rai, dole ya koma ƙasa kowace damina. Idan mutanen wani ƙauye suka daina shuka wani iri na shekara biyu ko uku, kuma babu shi a wani wuri, to ya tafi ke nan, tare da ɗanɗanonsa da juriyarsa da sunan da kakanni suka ba shi.

Rashin iri dabam-dabam kuwa haɗari ne ga kowace al'umma. Tsiron da aka samu daga yankan kara ko daga 'ya'yan ƙarƙashin ƙasa kwafin uwarsa ne, don haka cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka. Abin da ya faru a ƙasar Ailan ya isa misali. Talakawan ƙasar sun dogara da dankalin Turawa, yawancinsa iri ɗaya. Da wata cuta ta faɗa wa dankalin a 1845, aka yi yunwa ta shekaru, mutane kimanin miliyan ɗaya suka mutu. Ƙasar da take da abinci iri-iri, idan ɗaya ya gaza wani yakan tsaya mata.

A Nijeriya, cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa da ke Umudike a Jihar Abiya, wadda take da reshe a Kuru kusa da Jos, tana cikin masu nazarin waɗannan tsirrai. Abin da ake nema shi ne iri mai manyan 'ya'ya, mai jure ajiya. Amma mai bincike ba ya ƙirƙiro iri daga babu, sai dai ya zaɓa daga abin da manoma suka adana.

Kammalawa

Mun ga cewa kara mai kusurwa huɗu, da ganye bibbiyu, da ƙamshi, da fure mai leɓɓa biyu, da ƙwayoyi huɗu su ne suke nuna ɗan dangin na'a-na'a. Mun ga cewa tumuku da rizga 'yan gidan Coleus ne, kuma 'yan asalin Afirka. Mun kuma ga cewa ɗorewarsu tana hannun manoman da suke mayar da su ƙasa kowace shekara, da masu sayen da suke sa manoman su ci gaba da yin haka.

Tattaunawa don karatu a bayyane

Ɗaliba: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba.
Manomi: Wa alaikumus salam. Yawwa, sannu 'yata. Daga makaranta?
Ɗaliba: I, Baba. Malaminmu ne ya ce mu zo mu ga yadda ake tonon rizga.
Manomi: Madalla. Matso kusa ki gani. Ba a sara da ƙarfi, sai a hankali.
Ɗaliba: Baba, waɗannan da kuka ware gefe fa? Na sayarwa ne?
Manomi: A'a, iri ne. Ko yunwa ta matsa ba a taɓa su.
Ɗaliba: Idan suka lalace kafin damina fa?
Manomi: Sai in roƙi maƙwabci. Shi ya sa nake ba wasu nawa, don in rasa in samu a wurinsu.
Ɗaliba: Na gode, Baba. Allah ya ba da amfani mai albarka.
Manomi: Amin, 'yata. Ki gaida malaminku.

Ma'anar kalmomi

kara: jikin tsiro wanda yake ɗauke da ganye da fure.
gaɓa: wurin da ganye yake fitowa a jikin kara.
saiwa: sashen tsiro da yake shiga ƙasa yana shan ruwa.
kusurwa: inda gefe biyu suka haɗu, kamar a jikin akwati.
leɓe: fatar da ta rufe baki, sama da ƙasa.
kube: gidan da ake sa wuƙa ko takobi.
kaimi: tsinin da ke bayan ƙafar zakara.
kwalekwale: ƙaramin jirgin ruwa na itace.
kunya: ƙasar da aka tara a dogon layi don shuka. Akwai wata kalmar mai irin wannan rubutu wadda take nufin jin nauyin mutane.
ɓawo: fatar da ta rufe 'ya'yan itace ko dankali.
yanƙwane: bushe ya tattare.
bara, bana, baɗi: shekarar da ta wuce, wadda ake ciki, da mai zuwa.

Auna fahimta

1. Mene ne bambancin dangi da gida da nau'i?
2. Kawo alamomi biyar na dangin na'a-na'a.
3. Me ya sa ba a sa riɗi cikin wannan dangi ba?
4. Bayyana abin da yake faruwa idan ƙudan zuma ya sauka a kan furen Coleus.
5. Daga ina aka samo sunan Coleus, kuma wa ya raɗa shi?
6. Kawo bambanci uku tsakanin tumuku da rizga.
7. Me Bahaushe yake nufi idan ya ce dankalin Hausa?
8. Me ya sa irin rizga ya fi irin gero saurin ɓacewa?
9. A cikin tattaunawar, me ya sa manomin yake ba maƙwabtansa iri?

Nazarin harshe

A. Jinsi. Tumuku namiji ne a nahawun Hausa, rizga kuwa mace ce. Muna cewa: tumuku ne, rizga ce; tumukun Gana, rizgar Filato; tumuku ya nuna, rizga ta nuna. Cike gurbi da ne ko ce:
1. Wannan doya ___.
2. Wancan rogo ___.
3. Ɗoɗɗoya ___ a cikin miyar.
4. Waɗannan furanni ___.

B. Jam'i. Dubi waɗannan misalai: tsiro, tsirrai, ganye, ganyaye, fure, furanni, leɓe, leɓɓa. Kawo jam'in waɗannan kalmomi: saiwa, gaɓa, gona, manomi, kasuwa.

C. Karin magana. Bayyana ma'anar "kama da wane ba ta wane", sa'an nan ka kawo karin magana mai irin wannan ma'ana daga harshenka na gida.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya samo reshen ɗoɗɗoya, da na Coleus na ado, da na wani tsiro dabam daga harabar makaranta. Ku murza karan, ku dubi zaman ganyen, ku sansana, ku buɗe furen idan akwai. Ku rubuta abin da kuka gani da Hausa, wakilinku ya karanta wa aji. Kada kowa ya ɗanɗana tsiron da bai sani ba.

Jinga

Tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku sunan wani abinci da ake nomawa a da, wanda yanzu ya yi wuyar samu a garinku. Rubuta sakin layi biyu da Hausa a kan siffarsa, da yadda ake cinsa, da dalilin da ya sa aka rage noma shi.